Yadda za ki ɗinka wa jaririn ƙawarki bargo da ƙyallayen atamfa

Duk wadda take zuwa barka ta san irin kayan da ke taruwa a ɗakin mai jego, sabulai ne, omo ne, famfas, 'yan riguna waɗanda kafin a yi arba'in sun matse yaro, sai turmin atamfa daga dangin miji. Duk abin amfani ne kuma Allah ya saka wa masu kaiwa, amma idan ƙawarki ce ta ƙut da ƙut, wadda kuka yi makaranta tare ko kuka sha wahalar bikin juna, akwai abin da za ki yi mata da hannunki wanda yaron zai kwanta a kai ya koyi zama a kai har ya yi rarrafe yana nan bai ƙare ba. Bargon jariri nake nufi, irin wanda ake harhaɗa ƙananan ƙyallaye a sama, a sa wani yadi mai laushi a tsakiya, a rufe bayansa da wani yadin, sannan a bi shi da ɗinki ya kama duka ukun. Ba sai kin zama tela ba, in dai kina iya ɗinki miƙaƙƙe a keke ko da hannu to kin iya wannan.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga farko, bargon da za a yi amfani da shi za ki ɗinka, ba na ajiya a akwati ba. Jariri zai yi tumbuɗi a kai, zai yi fitsari, za a wanke shi yau a sake wankewa jibi a shanya a igiya cikin rana, saboda haka duk shawarar da za ki yanke, ta yadi ce ko ta zare ko ta kauri, ki tambayi kanki ko zai jure wanki kuma ko zai yi wa fatar jinjiri daɗi. In amsar a'a ce ki bar shi komai kyansa.

Mu fara da ƙyallayen. Mafi daɗi a wajena shi ne ki nemo ragowar ankon bikinta. Kusan kowace ƙawa tana da ɗan guntun da tela ya dawo mata da shi a leda, ko ɗankwalin da ba ta ƙara ɗaurawa ba, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki karɓo, ki haɗa da ragowar atamfofinki, in da hali har da tsohon zanen mahaifiyarta wanda ya sha wanki ya yi laushi. Ranar da ta buɗe bargon za ta riƙa gane su da kanta, wannan na kamu ne, wannan na yini ne, wannan na Hajiya ne, kuma babu shagon da za ki shiga ki sayo wannan. In ba ki samu sun isa ba ki je wajen telan unguwarku, telolin mata kullum suna da buhun ƙyallaye a ƙarƙashin tebur kuma da yawa za su ba ki kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In kuma sabo kike so, wadda take Kano ta san Kantin Kwari, sai dai ki sani atamfa turmi ake sayarwa, yadi shida, kuma gaba ɗaya saman bargon nan bai wuce ya ci yadi ɗaya da rabi ba, don haka gara ku haɗa kuɗi da wata ko ki nemi masu sayar da yanke.

Auduga zalla za ki nema, dan Allah kar ki yi wasa da wannan. Yanzu kasuwa ta cika da atamfar roba, a ido ga ta shar da ita amma ba ta shan gumi, tana riƙe zafi, kuma ita ce ke taso wa yara da ƙurajen zafi a wuya da bayansu. In kina shakka ki yanko ɗan siriri ki riƙe shi da wani abu a tsakar gida ki kusanta masa ashana, auduga tana ci da wuta tana warin takarda ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo baƙi mai tauri. Leshi, da material mai duwatsu, da duk wani abu mai sheƙi ko zaren gwal ki ajiye su gefe, suna kartar fata. Shadda ta auduga tana yi idan ta tsufa ta saki, sabuwa dal kuma ta cika tauri da santsi, tana zamewa a ƙarƙashin allura. Akwai kuma yadin rini irin na marinar Ƙofar Mata, ni ina matuƙar son shuɗin nan nasa, amma baban rinin yana gogewa a jiki kuma yana daɗewa yana zuba, in ba wanda ya sha wanki sosai har ruwansa ya daina canzawa ba ne to kar ki sa shi a kayan jariri.

Kafin almakashi ya taɓa komai sai kin wanke duka. Na san ana jin ƙyashin wanke sabuwar atamfa saboda ƙyallin nan da taurin, to wannan taurin sitaci ne da sauran abin da kamfani ya sa, shi ne ma ba ma so. Dalili na biyu, auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, kuma kowace atamfa da yadda take tsukewa, in kika haɗa su ba ki wanke ba ranar da mai jego ta fara wanke bargon wani ƙyallen zai ja wani ya saki duk ya tattare. Na uku shi ne zuba. Ki jiƙa kowace kala a roba dabam, musamman ja da shuɗi mai duhu da ruwan goro, ki bar su ɗan lokaci ki duba ruwan, sannan ki ɗauki farin ƙyalle jiƙaƙƙe ki goga a kai. Wadda ta zuba ki sake wankewa har ruwa ya fito fes, in ta ƙi dainawa ki cire ta daga lissafi kawai. Wasu na cewa a jiƙa da gishiri, ni dai ban yarda in dogara da shi ba, gwajin farin ƙyallen nan shi ne abin da nake bi. Bayan sun bushe ki goge su lumui, domin yadin da ya yamutse ba ya yankuwa daidai.

Yanzu awo, a nan ne ake ɗan buƙatar natsuwa. Girman da ya fi dacewa shi ne faɗi inci 36, tsawo inci 45, ya isa a shimfiɗa a kan tabarma ko tayil kuma bai yi girman da zai gagari wanki a bokiti ba. Ki samu kwali mai ƙarfi, irin bayan kalanda ko kwalin takalmi, ki sa rula ki yanka shi inci 5 ta kowane gefe, kusurwa huɗu daidai wa daida, ki tabbatar kusurwoyin sun miƙe ta hanyar gwada su da gefen littafi. Da wannan kwalin za ki zana duk ƙyallayenki ta baya da alli ko fensir, kar ki sa biro, yana fitowa ta gaba bayan wanki. Kowane ƙyalle ɗaya zan riƙa ce masa gida. Gida 80 kike buƙata, layi 10 kowane layi gida 8. Lissafin kuwa shi ne idan ɗinki ya ci kwatan inci ta kowane gefe, gida mai inci 5 zai koma inci 4 da rabi, sau 8 ya ba ki 36, sau 10 ya ba ki 45. In kin saba da ɗinkin rabin inci yadda yawancin telolinmu ke yi babu laifi, gidan zai koma inci 4, bargon ya fito 32 da 40, shi ma ya yi, abin da ba a so shi ne yau kwata gobe rabi. Ki yanka wasu guda biyar ko shida na ƙari saboda wani zai fito a karkace.

Wajen zanawa ki lura da yadda zaren yadin ya tafi. Ki jera gefen kwalin da bakin atamfar, can inda kamfani ke rubuta sunansa, ko ki bi layin zaren da ido idan guntu ne marar baki. Ƙyallen da aka yanka a gicciye yana miƙewa idan an ja shi, kina ɗinki zai riƙa tsawo yana fin ɗan uwansa. Shi kansa bakin mai rubutun ki yar da shi, ya fi sauran tauri. Sannan atamfa mai manyan zane idan aka yanka ta inci 5 wani gidan zai fito kusan kala ɗaya, wani kuma ya kwaso fure cikakke, ki ɗan riƙa matsar da kwalin kina zaɓar inda ya fi kyau, ba dole ba ne ki cinye yadin tas.

Da kin gama yanka sai ki share tsakar ɗaki ki shimfiɗa farin zanen gado ki jera gidajen nan 80 a kai. Wannan wajen kar ki yi sauri, shi ne wajen da bargon ke samun kyansa ko ya rasa. Atamfa tana da surutu, idan kika jera masu hayaniya kusa da kusa ido ba ya samun wajen hutawa, komai sai ya cakuɗe. Abin da nake ba da shawara shi ne rabin gidajen, wato 40, su zama yadi mai kala ɗaya marar zane, ruwan madara ko ruwan toka mai haske ko ruwan ƙwai, sauran 40 su zama atamfa, ki riƙa sa ɗaya mai zane ɗaya marar zane kamar allon dara. Fari tas yana da kyau ranar farko amma ki tuna ƙurar hunturu da jan ƙasar garuruwanmu. Ki tashi tsaye ki ja baya ki kalla, ki ɗauki hoto da waya, a hoton za ki fi ganin inda ja ya taru waje ɗaya ko inda duhu ya yi yawa, sai ki sassauya. Hoton kuma zai taimake ki in yara suka shigo suka watsa miki. Tun da yawanci ba a san mace ce ko namiji ba sai an sauka lafiya, ki zaɓi kalolin da za su yi wa kowa, kore, ruwan ƙwai, ruwan lemo, shuɗin sama, duk suna tafiya. In jerin ya kwanta miki ki tattara kowane layi daga hagu zuwa dama, ɗaya a kan ɗaya, ki maƙala 'yar takarda mai lamba 1 zuwa 10 da fil.

Sai ɗinki. Keken ƙafa irin Butterfly ɗin nan da ke gidaje da yawa ya wadatar, allura lamba 14, zare mai kyau wanda ba ya tsinkewa in kin ja shi da hannu, kala ruwan toka ko ruwan ƙasa domin yana ɓacewa a cikin kowace atamfa. Ki rage tsawon ɗinkin ya zama ƙanana, wajen 12 a cikin inci ɗaya. Don kwatan incin nan ya riƙa fitowa daidai, ki auna daga allura zuwa dama ki manna salatif ko filasta a jikin keken, sai ki riƙa jingina gefen ƙyallen da shi. Ki ɗauki gida na ɗaya da na biyu ki haɗa su fuska da fuska ki ɗinke gefe ɗaya, ki ƙara na uku, haka har takwas, layi ɗaya ya kammala. Kar ki ja yadin ta baya, ki bar keken ya tafi da shi da kansa hannunki yana saita shi kawai. In da hannu kike yi ki zana layin ɗinkin da fensir, ki yi ƙananan ɗinki kina komawa baya sau ɗaya bayan kowane uku ko huɗu don ya yi ƙarfi.

Ga wata dabara da take raba aikin da ya fito tsaf da wanda kusurwoyinsa suka saɓa. Bayan kin gama layukan goma ki kai su wajen guga, layi na ɗaya ki kwantar da duk bakin ɗinkinsa zuwa dama, na biyu zuwa hagu, na uku dama, haka har ƙarshe. Dannawa za ki yi da dutsen gugar ki ɗaga, ba gogawa gaba da baya ba, don kar layin ya miƙe ya lanƙwashe. Idan kika zo haɗa layi na ɗaya da na biyu fuska da fuska, za ki ji da yatsa bakin ɗinkin na sama da na ƙasa sun shige juna sun zauna, ɗaya ya kalli nan ɗaya ya kalli can, to a daidai nan za ki soka fil, a kowace mahaɗa, guda bakwai kenan a kowane layi. Ki ɗinka a hankali kina zare fil ɗin kafin allura ta iso shi. In wani gida ya ɗan fi ɗan uwansa tsawo ki sa mai tsawon a ƙasa, haƙoran keken suna ɗan cinye rarar. Ki haɗa layukan biyu-biyu tukuna, sannan ki haɗa manyan, ya fi sauƙin riƙewa a kan ki yi ta ƙara ɗaya kina jan ƙaton abu a cinya. In mahaɗa ɗaya ko biyu ta ɗan goce da ƙyar ake gani ki wuce abinki, in ta goce sosai ki farke wajen kaɗai ki gyara.

Toh, maganar abin da za a sa a tsakiya, nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Mutane suna ganin bargo sai ya yi tudu ya yi kauri sannan ya amsa sunansa, sai a je a sayo soso irin na masu kujera ko faiba mai kauri a cusa. Dan Allah kar ki yi haka. Soso yana riƙe ruwa, yana daɗewa bai bushe ba har ya fara wari, bayan 'yan watanni kuma ya fara marmashewa a ciki. Sannan ki tuna inda yaron zai rayu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, sanyin gaske kuma ɗan tsakanin Disamba da Janairu ne zuwa farkon Fabrairu, bargo mai kauri wata biyu zai yi aiki a jefa shi saman wardrob. Auduga sakakkiya ta cusa matashi ita ma ba ta yi, wanki ɗaya take dunƙulewa. Abin da ya fi shi ne yadi mai laushi shimfiɗa ɗaya, ko flanel ɗin auduga irin na zanen jarirai, ko tsohon zanen gado na auduga mai tsabta wanda bai yage ba, in kina son ɗan ƙarin nauyi ki ninka shi biyu. Matan Bangaladesh da yankin Bengal na Indiya haka suke yin nasu da suke kira kantha, tsofaffin zannuwansu suke jerawa a kan juna su bi da ɗinkin hannu ba tare da wani cushe ba, kuma su ma ƙasar zafi ce. Shi ma na tsakiyar ki wanke shi kafin ki sa.

Na baya kuwa yadi ɗaya ne ba haɗi, shi ne zai fi taɓa jikin yaro in an lulluɓa masa, don haka ki zaɓi mafi laushi. Atamfa faɗinta ya kai inci 45 ko ɗan fiye, yadi ɗaya da rabi ya ishe ki. Ki yanka shi ya fi saman girma da inci 2 ta kowane gefe, wato 40 da 49, na tsakiya kuma ya fi saman da inci 1.

Haɗa ukun a ƙasa ake yi, a kan tayil ko siminti mai tsabta. Ki shimfiɗa na baya fuskarsa tana kallon ƙasa, ki miƙar da shi ki manne gefunansa da salatif, miƙewa kawai ba ja da ƙarfi ba. Ki ɗora na tsakiya ki shafe shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje, ki ɗora na sama fuskarsa tana kallonki ki sake shafewa. Daga nan sai ki kama su, ko da fil mai rufewa guda ɗaya a tsakiyar kowane gida, ko da allura da zare mai wata kala dabam ki yi manyan ɗinki na wucin gadi, daga tsakiya zuwa sama, daga tsakiya zuwa ƙasa, haka dama da hagu, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi. Gwiwa za ta yi ciwo, baya ma haka, amma in kika tsallake wannan matakin bayan bargon zai fito da ninki-ninki waɗanda ba sa gyaruwa sai an farke komai. Ki ɗaga ki juya ki duba bayan kafin ki ci gaba.

Ɗinkin da zai ratsa duka ukun shi ne ran bargon, shi ke hana na tsakiya yawo, kuma shi ke ba shi wannan 'yar tattarar mai daɗin taɓawa bayan wanki. A keke ki canza allura zuwa lamba 16, ki ƙara tsawon ɗinkin, ki ɗan sassauta dunƙulen nan na saman keken da ke ƙara wa ƙarfen danne yadi nauyi, domin in ya danne da yawa na sama zai riƙa turuwa gaba yana barin na ƙasa. Ki fara da layin tsakiya, ki bi gefen mahaɗar da tazarar kwatan inci daga sama har ƙasa, ki nannaɗe ɓangaren dama don ya shiga cikin keken, ki yi ta fita zuwa gefe, sannan ki juyo ki yi ɗaya rabin, ki kuma yi na kwance haka. In kin bi kowace mahaɗa tazarar ba za ta wuce inci 4 da rabi ba, ya isa.

Amma ni in za ki bi tawa, wannan matakin ki yi shi da hannu. Zare mai ɗan kauri irin na masu ɗinkin hula, na auduga wanda kika gwada ba ya zuba, da allura mai babbar kafa, ki bi ta tsakiyar gidajen a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa da ɗinki mai shiga da fita, kowane ɗaya kamar kwatan inci. Ba sai sun zama ƙanana ba, daidaituwarsu ake so. Ki zana layin da alli ko guntun sabulu busasshe. Ƙullin farko ki soka allurar ta ɗan nesa ki fito inda za ki fara, ki ɗan fizga zaren har ƙullin ya shige ciki ya ɓuya tsakanin yadin, haka ma a ƙarshe, kar a bar ƙulli ko jelar zare a waje domin zare siriri yana iya naɗe yatsan jariri ba a lura ba. Ki naɗa filasta a yatsan da ke tura allura. Aiki ne na bayan isha'i, layi biyu yau uku gobe, kina yi kina yi wa mai cikin addu'ar sauka lafiya, kuma bargon hannu ya fi na keke laushi nesa ba kusa ba.

Saura baki. Hanya mafi sauƙi ita ce ki naɗo na bayan ya rufe gaba. Ki cire fil da zaren wucin gadi, ki datse na tsakiya ya yi daidai da na sama, a hankali kar almakashi ya kama na baya, shi kuma na bayan ki rage shi ya saura inci 1 ta kowane gefe. Ki ninka wannan inci ɗayan a rabi, bakinsa ya taɓo gefen bargon, ki sake ninkowa ya hau kan fuskar, ki danna da guga ki kama da fil. A kusurwa ki fara lanƙwaso ƙarshen ya yi kusurwa uku kafin ki ninko gefen na gaba, sai ya fito a gicciye tsaf. Ki bi da keke kusa da bakin ninkin, ki zagaya sau biyu ma in kina so, domin baki shi ne ke fara mutuwa, nan yaro ke ja nan yake tsotsa. In kin fi son baki mai wata kala dabam, ki yanka dogayen ƙyallaye masu faɗin inci 2 da rabi guda biyar daga faɗin yadin, ki haɗa su su zama igiya ɗaya, ki ninka ta biyu a tsawonta, ki ɗinka ta a gaba sannan ki juyo da ita baya ki kama. Zagayen bargon inci 162 ne, biyar ɗin za su isa har da rara.

Kar ki sa maɓalli, ko dutse, ko bid, ko ribon, ko wani ɗan fure na mannawa. Duk abin da zai iya cirewa to bakin yaro zai tafi.

Maganar rubuta suna, ki dakata tukuna. Ba a sanin suna sai ranar bakwai, kuma ko an raɗa, in sunan surukai ne ko na iyaye aka mayar za ki ga uwar ba za ta iya faɗa ba, sai a koma Abba ko Ummi ko Walida, gara ki tambaye ta wanda za a riƙa kira. Abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci, bargon nan ƙasa za a shimfiɗa shi kuma najasa za ta taɓa shi, saboda haka sunan da ke ɗauke da sunan Allah irin Abdullahi ko Abdurrahman, ko sunan Annabi, ko wata addu'a da Larabci, bai kamata a rubuta a kai ba. Harafin farko da shekarar haihuwa a ɗan ƙyalle a kusurwar baya sun wadatar. Kuma in kin fara aikin tun ciki yana wata bakwai, wanda shi ne daidai don kar ki yi gaggawa, ki yi abinki shiru, mutanenmu da yawa ba sa son a yi ta zancen kayan jariri kafin a sauka, balle mai cikin fari da kunya ta yi mata yawa. In suna ya zo ba ki gama ba kar ki damu ki lalata aikin da sauri, ki je barka da ɗan abin da ya sauwaƙa, bargon ki kai mata kafin arba'in ko can gidansu in ta tafi wankan gida.

Kafin ki kai ki wanke shi sau ɗaya da sabulu marar ƙamshi sosai, ki ɗauraye da kyau, ki shanya ta baya. Wannan wankin zai fitar da alli da dattin hannu, kuma zai nuna miki in akwai ɗinkin da ya buɗe tun yana hannunki. Ki shafa ko'ina da tafin hannu, gaba da baya, ki tabbatar babu fil ko guda ɗaya da ya saura, ki ƙirga su ma in kin san adadin da kika sa. Na san hannu zai yi ƙaiƙayin a turara shi da turaren wuta ya kama, ki haƙura, ƙirjin jinjiri ba ya son hayaƙi da ƙamshi mai ƙarfi.

In kin miƙa mata akwai magana biyu da za ki faɗa, ko da a gaban mutane ne. Ta farko, likitocin yara suna gargaɗin kada a bar bargo sakaka a wajen barcin jaririn da bai kai shekara ba, saboda yana iya rufe masa fuska ba mai gani, a kwantar da shi a rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri cikin gidan sauro, in ana sanyi a ƙara masa kaya a jiki. Don haka wannan bargon a watannin farko na shimfiɗa ne da rana, na riƙe shi a cinya, na zuwa asibiti rigakafi, na lulluɓa masa lokacin da ido ke kansa. Ta biyu, ki ce mata kar ta adana, ta wanke shi da ruwan sanyi da sabulu duk lokacin da ya ɓaci, ban da bilic, ta shanya ta baya don rana kar ta cinye kalar, in kuma wani waje ya farke ta aiko miki da shi. Saboda haka 'yan gidajen nan na ƙari da kika yanka tun farko ki ajiye su a leda, da su za ki yi facin.